Mun Saukar Wa Jitar Pa Murya

"Ba zan haɗa masa kaya ba, Kawu."

Ban ɗaga murya ba. Ina tsugune gaban murhu ina juya wainar shinkafa, na faɗe ta kamar mai cewa gishiri ya ƙare. Kawu Rishot ya ajiye kofin jan shayinsa, ya zare tabarau ya shiga gogewa da gefen mayafin ulunsa. Haka yake yi idan yana ba mutum damar janye maganarsa.

"Ban ji ba, Larihun."

"Ka ji, Kawu. Kunnen Pa ne ya samu matsala, ba naka ba."

Yayata Kong Baia (Kong muke ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Bah), da ke yanka albasa kusa da ni, ta ɗora dunduniyarta a kan yatsun ƙafata ta danna. Ko motsi ban yi ba.

Ku da kuka daɗe kuna bin labarina kun san halin bakina. Waɗanda yau ne shigowarsu, ga inda muke. Ni ce auta a gidanmu na Jaiaw, can saman tudun Shillong, kuma tun da Mei, wato mahaifiyarmu, ta rasu a daminar bara gidan ya dawo hannuna bisa al'adarmu, kamar yadda ya dawo hannunta daga tata uwar. Riƙo ne, ba mallaka ba. Ko tukunyar tagulla ba ni da ikon fitarwa sai yayan Mei, wato Kawu Rishot, ya ce to. Pa kuwa, mahaifina, duk da a gidan nan gashinsa ya yi fari, a wurin dangi har gobe mutum ne da aure ya kawo. Matar ta tafi, tsohuwar al'ada ta ce ya koma gidan uwarsa. Gidaje da yawa sun bar wannan. Kawu Rishot bai taɓa barin komai ba.

Ya mayar da tabaransa. "Ƙanwarsa ta share masa ɗaki a Mawkyrwat. Namiji a cikin danginsa yake ƙarewa, su ke wanke shi, su ke kukansa. Ni kaina, ranar da matata ta riga ni, nan zan dawo, ke za ki yi min shimfiɗa."

"Zan yi maka, Kawu. Gidan bai rasa ɗakuna ba."

"Ranar Asabar mota za ta tsaya a ƙasan matakala. Kayan sawarsa, takalmansa, littafinsa na coci. Waccan kuwa," ya nuna bango da haɓa, inda jitar Pa take rataye kusa da hoton Mei, "tana nan. Da gumin ƙanwata aka saye ta. Kayan gida ce."

Daga baranda sai ga muryar Pa, a hankali: "Na ji, Bah Rishot. Asabar ta yi."

Wannan ita ta fi komai ƙona min rai. A duk gidan, muryar Kawu kaɗai Pa yake ji. Likita ya yi mana bayani tun Mei tana raye: siraran sautuka ne suka fara tafiya, masu kauri suna nan. Kukan tsuntsu ya tafi, busar buta ta tafi, muryar Mei ta tafi tun kafin ita kanta ta tafi. Ni kuma muryarta na gado, siririya kamar ta 'yar firamare. Na gwada kumbura maƙogwaro ina magana kamar direban babbar mota, Pa ya yi dariya har da hawaye, amma bai gane ko kalma ɗaya ba. An sa masa na'urar ƙara ji, ya ce kamar ana zuba cokula a bokiti ne, ya naɗe ta cikin safa ya jefa aljihun tebur. Kawu Rishot kuwa murya gare shi kamar daga rijiya. Kun gani, murya ɗaya ta rage wa mahaifina a duniya, ita ce kuma take ce masa ya tafi.

Da Kawu ya sauka na fita baranda. Pa yana zaune cikin rigar sanyinsa mai ruwan toka wadda Mei ta saƙa, hannun dama ya fi na hagu tsawo saboda zaren ya kusa ƙare mata. Na rubuta a wayata da manyan baƙaƙe, KA ZAUNA, na kai masa gaban ido. Ya karanta ya shafa kaina.

"Auta, ba korata ake yi ba. Gidan ne ya daina yi min magana." Ya ɗaga kai ya dubi kwanon rufi, ana yayyafi. "Ina ganin ruwa yana sauka, ba na jinsa. Ina taka katakon da na kafa da hannuna, shiru. Jitar ma in na ɗauka, ina kallon yatsuna suna tafiya kamar na wani mutum a bayan gilashi. Can ƙauye ban san yadda komai yake kuka ba, ba zan yi kewarsa ba."

Muna nan zaune wata motar yashi ta bi ta ƙasan tudu tana gurnani. Ya juya ya bi ta da ido tun kafin ta fito kwana.

Washegari ina aji. Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata, kuma kamar an shirya, darasin sauti muke. Na danne rula a bakin tebur na kaɗa ta, ta yi ƙara siririya. Na ƙara mata tsawo na sake kaɗawa, ƙarar ta sauko. Ina cewa, "Idan rawar abu ta ragu da rabi, sauti ɗaya ne za ku ji, sai dai a ƙasa, kamar waƙa ɗaya a bakin mace da a bakin namiji," sai na tsaya da alli a hannu. Yaran suka zuba min ido. Ban san me na ƙarasa koya musu ba a ranar.

Ana tashi na ciro waya na rubuta wa Wanbok. Shi ne wanda zan aura, mai gyaran jita a Mawkhar, wanda kawunnansa za su hawo gidanmu neman aurena kafin Kirsimeti, Kawu Rishot kuma ya zauna ya karɓe su.

"Za ka iya saukar wa jita murya gaba ɗayanta? Daga do na do-re-mi zuwa do na ƙasa. Yatsu su zauna inda suka saba."

"Ko barka da rana babu, Kong Malama?"

"Barka. Za ka iya?"

"Jitar wa?"

"Ta Pa."

Ya fara rubutu ya goge, ya sake farawa ya goge. Can sai ga shi: "Ki zo shago. Ki taho da goro da ganye, wannan ba maganar waya ba ce."

Ban ɗauki jitar a ɓoye ba, kada wani ya gaya muku haka. Da rana tsaka na hau kujera na sauke ta daga ƙusa, na naɗe ta da mayafina mai gidan dara saboda ruwa. Kong Baia ta tare ni a ƙofa, hannu duk garin shinkafa.

"Ina za ki da ita?"

"Asibiti."

"Larihun, ki ji tsoron Allah. Kin gaya wa Kawu?"

"Ke za ki gaya masa kafin in kai ƙasan matakala, to me zai sa mu yi aiki biyu?"

Shagon Wanbok bai fi kabad ɗin kaya girma ba. Jitoci rataye a sama kamar kifin da ake busarwa, ƙamshin manne da garin katako, shi kuma a tsakiya da fensir a bayan kunne da rigar da ba ta taɓa ganin dutsen guga ba. Ya karɓi jitar da hannu biyu. Ya duba wuyanta da ido ɗaya, ya ƙwanƙwasa cikinta, ya shafa wurin da gwiwar hannun Pa ta cinye fentin har katako ya fito.

Na ce, "Ba sassauta tsirkiyoyin kawai za ka yi ba?"

"Bari in nuna miki." Ya yi ta murɗa kunnen tsirkiya ɗaya har ta sauko inda nake so, ya kaɗa. Ta yi laƙwas, ta mari wuyan jitar kamar igiyar shanya a iska. "Kin gani? Lissafinki daidai ne, amma wannan ba ta da jikin ɗaukarsa. Sai masu nauyi."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da wasu tsirkiyoyi a naɗe. Babbar cikinsu ta kusa kaurin tsinken ashana. Ya ɗora ta a kan ɗan ƙashin da ke saman wuya, inda tsirkiyoyi suke kwanciya cikin tsagarsu, ta zauna a sama ta ƙi shiga. Ya gwada ta a ramin kunne, ta ƙi. Ya gwada a ramin gindi, nan ma ta ƙi.

"Zan buɗe tsagar nan da magagari. Zan huda kunnuwa biyu, in faɗaɗa ramukan ƙasa, in sake mata ƙashin gindi don sautin ya zauna daidai har ƙarshen wuya. Sannan in lallaɓi ƙarfen da ke cikin wuyan kada ya lanƙwashe." Ya jefa goro a baki, ya daɗe yana taunawa. "Abu biyu, Lari. Na farko, cikinta ƙarami ne. Ba za ta cika coci da amo kamar da ba. Wanda ya rungume ta shi zai fi kowa jin ta."

"Shi nake nema."

"Na biyu, ramin da aka huda ba ya komawa. Kayan gidanku ce, kuma kin san wanda zai zauna ya karɓi kawunnaina."

"Tsoro kake ji, Bah Kafinta?"

"Sosai ma. Mutumin nan ko gaisuwata da gira yake amsawa." Ya yi murmushi, amma murmushin bai daɗe ba. "Ni dai ina so in ji daga bakinki kin san abin da muke ɗorawa a kan teburin nan. Ba jita kaɗai ba ce."

Masu karatu, na sani. Na dubi hannayensa masu tabon manne, na tuna shekarun da muka yi muna jiran Kirsimetin nan, na tuna zanen alharinin da Mei ta ajiye min a ƙasan akwati. Na kuma tuna Pa yana bin motar yashi da ido.

Na ce, "Huda."

Ya shimfiɗa tsumma, ya kwance kunnuwan, ya ɗaure na farko a maƙalin tebur. Da injin ya taɓa ƙarfe na runtse ido. Ƙurar ƙashi kuwa, da ya fara goga magagari, wari take kamar gashi ya ƙone. Yana yi yana hurawa, yana gwada tsirkiya, yana sake gogawa kaɗan kaɗan kamar mai yi wa jariri aski. Kafin in tafi ya ɗaura babbar ita kaɗai, ya ja ta a hankali har ta tsaya.

"Sa hannunki a bayanta."

Na sa. Ya kaɗa da babban yatsa.

Ban san yadda zan gaya muku ba. Da ido na ga tsirkiyar tana rawa, ta buɗe kamar mazari, abin da nake zana wa yara a allo shekara da shekaru ban taɓa ganinsa da rai haka ba. Sautin kuma bai shigo ta kunne ba. Ta tafin hannuna ya bi, ya hau kafaɗa, ya zauna a haƙorana. Wata jita da ke rataye a sama, wadda ba wanda ya taɓa, ta amsa a hankali ita kaɗai. Muka dubi juna ni da Wanbok. Ba wanda ya yi dariya.

Kwanakin da suka biyo baya na sha su. Kong Baia ta ɗauki hoton ƙusar babu komai ta saka a zauren dangi na waya. Kawu ya rubuta layi ɗaya: "Abin da aka sauke a mayar kafin Asabar." Ƙannen Mei suka yi ta kira ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce boko ne ya ɓata ni. Wata ta ce ita ma mijinta in ta mutu tafiya zai yi, da me Bah Phrang, wato Pa, ya fi shi. Wata kuka kawai ta yi ta kashe. 'Ya'yan Kong Baia da ke biyowa shan shayi bayan makaranta suka daina zuwa. Na yi ta dafa abinci, ina wanke katakon ɗaki, ina zuwa aiki da kaina a sama. Pa kuwa da kansa yake ninke rigunansa ɗaya ɗaya yana jerawa a tsohuwar jakarsa. Ya ga ƙusar, bai tambaya ba. Ina jin ya ɗauka an riga an ɓoye masa ita ne.

Wanbok yana turo hotuna. "Wuyan ya ɗan motsa, na gyara." "Ta huɗu tana zuzu a tsakiya, sai na ɗaga gindi." "Sabbin tsirkiyoyi suna miƙewa, sai na yi ta bin su." Na rubuta masa, "Asabar da hantsi fa." Ya ce, "Ko da rarrafe."

Ranar Asabar na sa jainsem ɗin Mei, zanen fitarta mai ruwan zuma, na maƙale shi a kafaɗu da allurorinta na azurfa, na ɗaure gashina yadda take ɗaurewa. Ban yi don in burge kowa ba. So nake duk wanda ya shigo ya tuna gidan waye. Na goge faranti na jera goro da ganye da farar ƙasar da muke haɗawa mu tauna, don baƙo ko faɗa ya kawo sai an miƙa masa.

Kawu ya iso cikin kwat ɗinsa na coci. Kong Baia tana bayansa, ido ya kumbura. Pa ya fito da jakarsa ya ajiye bakin ƙofa, ya zauna a kan akwatin katakon Mei yana neman takalmi. A ƙasan matakala direba ya danna oda.

Kawu ya dubi bango. "Ina take?"

"Tana hanya."

Sai ga Wanbok yana hawowa, numfashi sama sama, ya rungume ta cikin leda kamar mai kawo jariri daga asibiti. Ya cire takalmi, ya rusuna ya gaida Kawu. Gira ma bai samu ba yau. Da ya zare ledar, Kawu ya matso ya sunkuya. Ya ga tsirkiyoyin, ya ga sabon farin ƙashi, ya sa farce a bakin ramin da aka huda.

"Wa ya ba ka izini, yaro?"

Na ce, "Ni."

"Ke wa ya ba ki?" Muryarsa ta ƙara sauka. "Ƙanwata ta yi damina biyu tana ɗaukar lemo a kwando zuwa kasuwa kafin ta sayi wannan. Ina nan ranar da ta shigo da ita. Kin kai ta an huda kamar tukunyar gasa gyaɗa."

Gaskiya ce ya faɗa. Na karɓi jitar daga hannun Wanbok na ɗora a cinyar Pa.

Pa ya dube ta ya dube ni. Ya shafa tsirkiyoyin da mamaki, ya ce, "Wa ya ɗaura mata wayar lantarki?" Ya so ya miƙo min. Na mayar da hannunsa, na matsa ta a ƙirjinsa sosai, na nuna masa ya kaɗa. Don kada ya ba ni kunya gaban mutane ne kawai ya sa yatsunsa inda suka saba, ya ja babban yatsa a kan duka shidan.

Ya daskare.

Sautin ya fito kamar cida daga bayan tudu, irin wadda ake ji kafin a ga hadari. Gindin jitar yana jingine da akwatin Mei, akwatin yana kan katakon ɗaki, ni kuma ba takalmi a ƙafata, sai na ji shi yana shiga ta tafin ƙafa. Shayin da ke cikin kofi a kan akwatin ya yi 'yan zobba ƙanana. Pa bai ɗaga hannu ba har sautin ya mutu da kansa, kuma ya daɗe kafin ya mutu.

Ya sake kaɗawa. Ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa kafaɗar jitar. Ya canza yatsu, ya kaɗa, sai ya ɓata fuska, ya kai hannu ya ɗan murɗa kunne ɗaya.

Wanbok ya kama gefen ƙofa. "Lari," ya ce da raɗa, "ta uku ta sauka da na hawo matakala. Ya ji ta."

Sai Pa ya fara waƙar da Mei take yi in tana tsince shinkafa. Ba waƙar coci ba ce, ba kuma a rediyo ta ji ta ba, tasu ce ta gida, daga kakarmu. Duk rayuwata a sama na san ta, siririya, da muryar mace. Yau ga ta a ƙasa tana tafiya a hankali kamar babban kogi, ba ta canza ko gaɓa ɗaya ba. Ya sa murya, muryar da ta yi tsatsa don rashin amfani, ta zauna daram a kan sautin. Kong Baia ta zame ta zauna a ƙasa ta rufe baki da gefen zane. Direba ya sake danna oda, ba wanda ya waiga.

Na saci kallon Kawu. Tabaransa suna hannunsa, bai goge ba. Leɓɓansa suna motsi. Shi ma a bayan uwa ɗaya ya ji waƙar nan.

Da Pa ya gama, ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin. Ya zare safarsa ɗaya, ya taka katako da ƙafa tsirara, ya kaɗa babbar ita kaɗai, ya saurara.

"Auta," ya ce, "ɗakin yana amsawa."

Ya ɗaga kai ya dubi surukinsa. "Bah Rishot, ka ba direba haƙuri. Ka gaya wa ƙanwata zan zo mata ziyara."

Na ɗauka an gama. Na ɗauka abin da ya ratsa ƙafafuna ya ratsa na kowa. Na ɗauko farantin goro na durƙusa gaban Kawu na miƙa masa da hannu biyu.

Ya daɗe yana kallon farantin. Ya mayar da tabaransa.

"Na ji abin da kika ji, Larihun. Kada ki ɗauka dutse ne ni." Ya yi maganar a hankali, amma na san Pa yana jin kowace kalma. "Sai dai gidan da auta take yanke hukunci ita kaɗai, ta huda abin da ta ga dama, ta ajiye wanda ta ga dama, ba ya bukatar kawu. Ki riƙe gidanki."

Bai ɗauki goron ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an miƙa wa mutum goro a gidan uwarsa ya bar shi a faranti ba. Ya sa takalmansa, ya bi ta gefen Wanbok kamar ba kowa a wurin, ya sauka. Kong Baia ta tashi ta dube ni, ta dubi Pa, ta bi bayansa tana share ido. Na zauna a durƙushe da farantin a hannu.

Wanbok ne ya karɓe shi ya ajiye. Ya ɗauki ɗaya ya jefa a baki, ya ce, "Kada ya lalace." Na so in yi dariya, ta ƙi fitowa.

Da yamma aka cire ni daga zauren dangi na waya. Ban yi mamaki ba. Saƙon da na yi ta jira shi ne na Wanbok, ya kuma shigo ina kwashe rigunan Pa daga jaka ina mayarwa kabad.

"Labari ya riga ni gida. Babban kawuna ya ce ba za su hau matakalar gidan da babu kawun da zai karɓe su ba. Ya ce ba a ajiye magana a hannun mace da surukin dangi."

Na rubuta, "Kai fa?"

"Ni gobe zan zo in duba wuyan jitar, sabon aiki sai ana bibiya." Sai wani saƙon ya shigo. "Amma Lari, ni kaɗai ba na ɗaura aure. Kirsimetin nan babu."

Na kife wayar a kan gado. Ta ƙarƙashin ƙafata ina jin Pa a ɗaya ɗakin, yana bin tsofaffin waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaga gida yana buɗe tagogi.

Wasunku za su rubuto su ce in je in durƙusa. Na san farashin durƙuson, jakar nan ce da na gama kwashewa, kuma ba zan sake cika ta ba. To ga abin da ya rage min, ba ƙari ba ragi. Zanen alharinin Mei zai ci gaba da kwana a ƙasan akwati. Yayata ba ta ɗaga wayata. Pa yana gida, yana jin gidansa. Ni kuma ba ni da kawu, kuma a garin nan macen da ba ta da kawu ba a hawowa neman aurenta.